Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Raddi Ga Masu Tallan Kwamfutar Cikin Burauza

Kwanakin baya wani ɗan 'yar'uwata da ke karatu a Kano ya kira ni cikin zumuɗi. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Kawu, ka daina wahalar da kanka da tsofaffin kwamfutocin nan na shagonku. Yanzu an wuce wurin. Burauza kawai za ka buɗe, ka sa kalmar sirri, sai ga cikakkiyar kwamfuta a gabanka. Ba gyara, ba sata, ba ƙura." Na ce masa, "To, ɗana, sake faɗa, ban ji ƙarshen maganarka ba." Ba gatse na yi masa ba. Sabis ne ya ɗauke a tsakiyar bayaninsa, kuma bai dawo ba sai bayan la'asar.

Ina zaune a Sabha, babban birnin yankin Fezzan a kudancin Libiya, sama da kilomita 700 daga Tarabulus in ka biyo mota. Aikina buga takardu da fassara a wani ƙaramin shago. Masu zuwa wurinmu akwai 'yan gari, akwai kuma 'yan'uwanmu Hausawa daga Agadas, Damagaram, Maraɗi, Tawa, Katsina da Kano, waɗanda suka ratso Dirku da Gatrun suka iso nan neman na kai wa bakin salati. Daga wannan kujera nake magana, kuma maganata ita ce: kwamfutar da ake buɗewa cikin burauza aba ce mai amfani a inda aka ƙera ta, amma masu tallata mana ita a matsayin magajiyar kwamfutar da ke kan teburinmu ko dai ba su san inda muke zaune ba, ko kuwa sun sani ba su damu ba.

Bari in fara da bayyana abin, don kada a ce ina sukar abin da ban fahimta ba. Akwai manya-manyan gine-gine cike da na'urori, waɗanda ake kira cibiyoyin ajiyar bayanai. Kamfani zai yanka maka wani yanki na ƙarfin na'urorin nan, ya ɗora masa Windows ko Linux, ya ce ga kwamfutarka. Ita tana can. Abin da ke zuwa gabanka hotonta ne kawai. Duk harafin da ka danna sai ya yi tafiya zuwa can, a rubuta shi a can, sannan a aiko maka da sabon hoton allon. Fayilolinka suna can, manhajojinka suna can, aikin da kake cikin yi yana can. Abin da ke hannunka taga ce kawai. In an rufe tagar, ba ka da komai.

Manyan kamfanoni sun daɗe a wannan kasuwa. Amazon ya buɗe WorkSpaces ga jama'a a 2014. Microsoft ya fito da Windows 365 a Agustan 2021, da farashin da ya fara daga dala 20 ya kai har dala 162 a wata ga mutum guda. Akwai kuma manhajoji na kyauta irin su Apache Guacamole da noVNC, waɗanda ke ba kowa damar haɗa irin wannan tsari da na'urarsa. Zan dawo kan waɗannan, domin a nan maganata ta rabu da ta masu ƙin abin ɗungurungum.

Abu na farko da masu talla ba sa faɗa shi ne, wannan ba sabon tunani ba ne. Tun shekarun 1960 haka ake aiki: ƙatuwar na'ura guda a tsakiya, mutane da yawa suna leƙa ta da allo da madannai. Kwamfutar kan tebur ta zo ne ta 'yantar da mutane daga wannan layi. A tsakiyar shekarun 1990 Larry Ellison na kamfanin Oracle ya yi ta shelar wata na'ura mai araha da za ta dogara kacokan ga sadarwa, abin bai karɓu ba. A shekarun 2000 aka sake dawowa da shi cikin burauza. Aka yi YouOS, aka rufe shi a 2008. Aka yi G.ho.st, wanda Falasɗinawa da Isra'ilawa suka haɗu suka gina, aka yi ta yabonsa a jaridu, aka rufe shi a Maris 2010, aka ce wa masu amfani da shi su kwashe kayansu. Ko Google, da duk dukiyarsa, ya buɗe Stadia a 2019 don a riƙa wasanni daga nesa, ya rufe shi a Janairun 2023. Ban kawo waɗannan don in ce Microsoft zai rushe gobe ba. Na kawo su ne don a gane cewa mai haya ba ya da ta cewa ranar da mai gida ya sauya shawara.

Yanzu mu zo gida. Kafin kwamfutar burauza ta yi maka aiki na minti ɗaya, dole abubuwa huɗu su haɗu a lokaci guda: wuta, sabis, hanyar biyan kuɗin waje, da yardar waɗanda ke riƙe da makullin. Ɗaya ya ɓace, sauran ukun ba su da amfani. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mu ga wanne ne a hannunmu.

Wuta. Duk wanda ya yi bazara a Fezzan ya san yadda ake ɗauke ta sa'o'i masu yawa a jere, an kuma sha ganin ranakun da kudu gaba ɗaya ya shiga duhu. Libiya ƙasar mai ce, farashin gwamnati na litar fetur bai kai rubu'in dinari ba, amma a kudu sau da yawa sai ka bi kasuwar bayan fage ka biya ninkin ba ninki kafin janareto ya tashi. Za a ce ai kwamfutar tebur ma tana buƙatar wuta. Gaskiya ne. Amma tawa wutar kawai take buƙata. Da faifan sola ɗaya da batir, ko da batirin kwamfutar tafi-da-gidanka, ina ci gaba da aiki. Ita kuwa ta burauza tana buƙatar tawa wutar, da ta turken sadarwar unguwa, da ta kowace tasha da ke kan hanyar igiyar har zuwa gaɓar teku. Ni ina da iko da batirina. Ba ni da iko da man janareton wani turke da ke tsakiyar sahara.

'Yan'uwanmu na Nijar ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take tura musu, wadda a lokacin ita ce kaso mafi girma na abin da ƙasar ke amfani da shi, aka kuma toshe hada-hadar kuɗi, har zuwa Fabrairun 2024 da aka janye takunkumin. Mai shagon buga takardu a Maraɗi bai yi juyin mulki ba, amma shi ya sha duhun.

Sabis. A farkon Maris 2011 gwamnatin Gaddafi ta kashe intanet a yawancin Libiya, bai dawo sosai ba sai a Agustan wannan shekara. Wata biyar da 'yan kai. A Satumbar 2023, bayan ambaliyar Darna, sadarwa ta yanke a garin a daidai lokacin da mutane suka fi buƙatarta. A Nijar an katse intanet na wayar hannu na kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021. A Najeriya, a Satumbar 2021, hukumar NCC ta ba da umarnin rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi ƙananan hukumomi da dama a Katsina da Sakkwato da wani sashe na Kaduna, wasu wuraren suka yi watanni a haka. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka rikice daga Abijan har Legas. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, wanda aikinsa ke cikin na'urarsa ya rasa hanyar aikawa ne kawai. Wanda kwamfutarsa ke cikin burauza kuwa ya rasa kwamfutar ɗungurungum, da littafin da yake rubutawa, da lissafin shagonsa, da kundin digirinsa.

Ko da sabis yana nan, akwai maganar nisa, wadda ba ta jin roƙo. Haske a cikin igiyar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Ka ga kamar ba matsala, amma saƙo ba ya bin hanya miƙaƙƙiya. Daga Sabha sai ya hau arewa, ya tsallaka Bahar Rum, ya isa wata cibiya a Italiya ko Faransa, ya bi ta na'urori da yawa da kowacce ke cin nata lokaci, sannan ya juyo. Manyan cibiyoyin da Microsoft da Amazon da Google suka fara buɗewa a nahiyarmu suna Afirka ta Kudu ne, a Johannesburg da Cape Town, wato can wancan ƙarshen. Microsoft da kansa yana gaya wa masu amfani da irin wannan tsari cewa in jinkirin zuwa da dawowa ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, aiki zai fara tsami. Wanda ke amfani da tsohon nau'in tauraron ɗan'adam, wanda ke tsaye can nesa sama da kilomita 35,000, jinkirinsa ya haura rabin daƙiƙa. Ka danna harafi, ka jira shi ya fito. Wanda bai taɓa buga wasiƙa a haka ba, da mutum shida a tsaye a kansa, ba zai gane yadda rai ke ɓaci ba. Sannan duk motsin da allon ya yi data ce ke tafiya. Kwamfutar tebur tana buga shafi ɗari ba ta ci maka ko kwabo na data ba.

Kuɗi. Mu ɗauki mafi arahar farashin nan na dala 20. A shekara dala 240 ke nan, a shekara uku dala 720. Wannan kuɗi zai saya maka kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu mai kyau a Titin Beirut na Kano, har ka sami ragowar da za ka haɗa sola. Bayan shekara uku wanda ya saya yana da na'ura, ko ta tsufa zai sayar ko ya ba ƙanensa. Wanda ya yi haya yana da rasit. Kuma kada a manta, shi ma mai hayar sai ya mallaki wata na'urar da zai buɗe burauzar da ita. Sannan da me zai biya? A 2022 bankunan Najeriya da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar da shi gaba ɗaya na tsawon lokaci. A Libiya an yi shekaru ana kwana a layin banki don a ciri tsabar kuɗi. Baƙon da ke aikin gini ko gona a Sabha, wanda ko asusun banki ba ya da shi, wane kati zai sa? Duk faɗuwar da naira ko dinari ya yi a gaban dala, kuɗin hayar ya tashi, kai kuwa ba ka ƙara komai ba.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: yarda. A Yulin 2019 GitHub ya taƙaita asusun masu rubuta manhaja a Iran da Siriya da Kirimiya saboda dokokin takunkumin Amurka. A Oktoban wannan shekara Adobe ya sanar da cewa zai rufe asusun duk masu amfani da kayansa a Benezuwela, saboda umarnin shugaban Amurka, sai daga baya da gwamnatin ta ba shi izini ya fasa. Mai zanen da ke Karakas ba shi ya ɓata da Washinton ba. Libiya ta san wannan hanya, domin ta zauna ƙarƙashin takunkumin Amurka daga 1986 har zuwa 2004. Ka yi tunanin a ce a wancan zamani kwamfutocin jami'ar Sabha duka na haya ne daga wani kamfanin Amurka. Haka kuma tun 2018 akwai doka a Amurka da ke ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar, ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Ba na cewa wani yana can yana karanta wasiƙar da na buga wa mai gadi. Ina cewa makullin ɗakin ba a aljihuna yake ba.

Na gwada abin da kaina, ba ji na yi ba. Wani kamfani ya ba da gwajin kyauta, na ɗora aikin shago a kai na 'yan kwanaki. Ranar da abin ya ƙare mini, wani dattijo ne daga wajen Tawa ya zo da takardun ɗansa da ke kwance ba lafiya, yana so a fassara su zuwa Larabci a buga kafin motar da za ta kai su arewa ta tashi da yamma. Na yi nisa da aikin, sai allon ya daskare. Na jira. Ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce, "Baba, sabis ne." Ya dubi kwamfutar da ke kunne a gabana, ya dubi firintar da ke kunne, ya ce, "To ai ga injin nan yana aiki." Me zan ce masa? In ce takardar ɗansa tana Turai? Na jawo tsohuwar na'urar da ke ƙarƙashin tebur, na sake aikin daga farko. Ya sami motar da ƙyar. Tun ranar ban sake ɗora aikin wani bawan Allah a kan abin da ba na iya taɓawa da hannu ba.

Yanzu bari in ba masu wancan ra'ayi haƙƙinsu, domin suna da hujja, kuma mafi ƙarfinta a nan Sabha take. Kowa ya san abin da baƙi ke gamuwa da shi a wannan hanya. A Afrilun 2017 hukumar IOM ta fitar da rahoton yadda ake sayar da bakin haure, ta kuma ambaci sunan garin nan. Ana ƙwace waya, ana ƙwace jaka, ana tsare mutum har sai danginsa sun aiko da kuɗi. Garin ya ga faɗa a 2012 da 2014 da 2018. A Satumbar 2024 ruwan sama ya yi ambaliya ya shiga gidaje. Na'urar da ke hannunka tana iya ƙonewa, ta nutse, ko a raba ka da ita da bakin bindiga. Wanda hoton fasfonsa da takardar haihuwarsa da lambobin 'yan'uwansa ke ajiye a intanet ya fi wanda komai nasa ke cikin jakar da aka ƙwace. Wannan gaskiya ce, kuma ni da kaina nake ce wa duk wanda ya zo shago ya ɗauki hoton takardunsa ya aika wa kansa ta imel.

Amma a lura, wannan hujja ce ta ajiye kwafi a nesa. Ba hujja ce ta mayar da kwamfutar gaba ɗaya nesa ba. Abubuwa biyu ne daban, masu talla ne ke cakuɗa su don ɗayan ya sayar da ɗayan. Ajiye kwafi yana buƙatar sabis na minti biyar a mako. Kwamfutar burauza tana buƙatarsa kowace daƙiƙa. Kuma can ɗin ma ba aljanna ba ce: a Maris 2021 gobara ta cinye wani ginin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar da ba ta dawowa.

Kakanninmu da suka yi fatauci tsakanin Kano da Katsina da Murzuk da Gat sun san rijiyoyin hanya ɗaya bayan ɗaya, sun kuma dogara da su. Duk da haka babu madugun da ya taɓa tashi da ayari ba salka, wai don akwai rijiya a gaba. Rijiya tana ƙafewa, yashi yana binne ta, wani yana iya riga ka ya tsare bakinta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai ce maka ka yar da salka saboda an ƙirƙiro rijiya ta zamani, ka tambaye shi ko ya taɓa ratsa Tenere.

Tsorona ba kan ɗan 'yar'uwata yake ba, shi yaro ne, zai gwada ya gani. Tsorona kan masu sa hannu a kwangila ne. Gobe wani zai shiga ofishin kwamishina ko shugaban makaranta da hotuna masu ƙyalli, ya ce a daina sayen kwamfutoci, a sayi allo marasa ƙwaƙwalwa a biya haya duk wata. Za a yi bikin buɗewa, a yanka kirtani, a ɗauki hoto. Shekara ta zagayo, kasafi ya makara, ba a biya ba, sai ɗaki guda na na'urori ya koma ɗakin madubai. Mun ga yadda ake barin janareto ya ruɓe saboda kuɗin mai. Wa zai tuna da hayar da ba a ganinta da ido? Kuma yaron da ya tashi bai taɓa buɗe cikin kwamfuta ba, bai taɓa sauya mata rumbu ko ɗora mata tsari da hannunsa ba, ya koyi zama fasinja ne, ba direba ba, balle makanike.

Ga abin da nake kira a yi. Mutum ɗaya, ɗalibi ko marubuci ko mai shago, ya fara mallakar tasa na'urar ko ta hannu ce, ya ɗora mata abin da ke aiki ba intanet, irin su LibreOffice da ake samu kyauta. Ya ajiye aikinsa wuri uku: cikin na'ura, cikin filashi da ba ya kwana tare da na'urar, da kuma intanet in an samu. Makaranta ko asibiti da ke son amfanin tsarin nan, wato a gyara na'ura ɗaya maimakon hamsin, to su yi shi a cikin gida. A sayi babbar na'ura guda a ajiye a ɗaki mai sanyi, a haɗa mata sola, a ɗora mata Guacamole ko makamancinsa, ɗalibai su buɗe ta da burauza ta wayar da ke cikin harabar makarantar. Fasahar ɗaya ce, amma makullin yana hannun shugaban makaranta, kuma ko an katse igiyar teku darasi ba zai tsaya ba. Ana iya ƙara mata Kiwix, wanda ke ɗauke da Wikipedia ba tare da intanet ba. Gwamnatoci kuma, in da gaske suke, su fara da wuta da igiya da cibiyoyin ajiya a ƙasarsu, kafin su zo mana da maganar haya. Ba a fara gini daga rufi.

Da sabis ya dawo ran nan, na kira ɗan 'yar'uwata na ce masa ya ci gaba da koyon abin, domin ilimi ne kuma akwai aiki a cikinsa, bankuna da manyan kamfanoni suna amfani da shi kuma yana yi musu daidai. Amma na ce kada ya sayar da kwamfutarsa. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, kai dai ba ka son ci gaba." Na ce ina so ƙwarai, wanda zai tsaya tare da ni ranar da aka ɗauke wuta. Hausawa sun gama maganar tun kafin a haifi intanet: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.